Shekarar da Malam Ya Hana Ni Rawani

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu.

A zamanin da wannan abu ya same ni Nasara bai shigo ƙasar nan ba tukuna, Katsina tana bin Sakkwato, ni kuwa saurayi ne da gemu ya fara tsiro masa, ɗan manomi daga Wagini, ina karatun littattafai a zauren wani babban malami a Runka. Yanzu na tsufa, da baki nake faɗa ana rubuta mini da boko, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba, har nawa. Tun a gida na yi saukar allo. Mahaifina ya ga ina da kai, sai ya cire ni daga gona alhali yana bukatar hannuna, ya ɗora ni a jaki ya kai ni wurin Malam da kansa. Garinmu a lokacin ba mu da malamin da iliminsa ya wuce jan salla da raɗin suna. In wata matsala ta aure ko ta gado ta taso sai an yi tafiya an nemo fatawa, hanya kuwa ba lafiya, don mahara kan fito daga daji su tare mutane. Saboda haka ba mahaifina kaɗai ke jirana ba, gari ne ke jira, kuma na san da haka.

Karatun zaure kuwa ga yadda yake. Bayan hantsi ya yi Malam zai zauna a kan buzunsa, mu kewaye shi, kowa da littafinsa da ya kwafa da hannunsa. In layi ya zo kanka ka karanta Larabci, Malam ya fassara da Hausa, ya yi bayani, ka ja gefe na bayanka ya matso. Da damina mu yi wa Malam noma da safe, mu yi karatu da yamma. Na yi shekaru a haka, daga ƙananan littattafai har na kai ga manya na fiƙihu da nahawu da tafsiri. Allah ya ba ni wata baiwa da nake taƙama da ita: in na kalli shafi sosai, sai ya zauna mini a kai kamar yadda yake a takarda. Ko an tambaye ni bayan wata guda, rufe ido kawai zan yi in ga shafin, har da inda tawada ta ɗiga. Da ido nake karatu, da ido nake riƙewa, ban taɓa tunanin akwai wata hanya ba.

Malam yana da al'adar da ba kowane malami ke yi ba. Duk shekara kafin azumi, idan ya ga akwai ɗaliban da suka isa, sai ya aika birnin Katsina a ɗauko masa wani malami abokinsa, su zauna a ƙofar masallaci a gaban jama'a a jarraba su. Yakan ce shi uba ne a gare mu, uba kuwa ba ya ganin aibin ɗansa sosai, don haka yake kawo baƙon ido. Wanda ya ci, a naɗa masa rawani, a ba shi izinin ya je ya karantar. A waccan shekara mu biyu Malam ya ware, ni da wani abokin karatuna. Shi Bafillace ne daga wata ruga kusa da Yasore, ya girme ni kaɗan, dogo siriri, fuskarsa duk zanzana saboda aganar da ya yi yana yaro. Ba shi da saurin ɗauka kamar ni. Yakan tambayi Malam abu ɗaya sau da yawa ba ya jin kunya, ana dariya yana murmushi, amma abin da ya shiga kansa ya shiga ke nan. Muka fara bita tare. Kullum bayan la'asar mu zauna a gindin wata tsamiya a bayan zaure, in jefa masa tambaya ya jefo mini, har a kira magariba.

Muna tsakiyar wannan bita zazzaɓi ya kama ni, da ciwon baya kamar ana sara ni. Na ɗauka gajiya ce. Da ƙuraje suka feso mini a goshi da hannuwa, tsofaffi suka duba suka ce agana ce. A lokacin ba a wasa da ita, don tana iya share unguwa. Aka yi mini bukka a bayan gari, can gefen gonaki, aka kai ni. Ban zargi kowa ba, haka ake yi wa kowa. Abinci a ajiye shi daga nesa a yi kira a juya. Mahaifiyata tana Wagini, labari ma bai kai mata da wuri ba. Na kwanta ina jiran abin da Allah zai yi, ina jin ƙudaje suna bin jikina ba ni da ƙarfin kore su.

Abokin nan nawa ne ya ɗage asabarin bukkar ya shigo. Na ce masa ya fita kada ya ɗauka, ya ce ai shi ta riga ta gama da shi tun yana yaro, in duba fuskarsa in gani. Ya je rafi ya ɗebo yashi mai laushi ya shimfiɗa mini, don tabarma tana kama ƙurajen. Shi ke juya ni, shi ke ɗura mini kunun tsamiya da ludayi, shi ke zama da reshen ganye yana kore mini ƙudaje. Da 'yan'uwansa suka ji, suka riƙa aiko masa da nono, shi kuma ya kawo mini. Warin da jikina ke yi ni kaina ba na iya jurewa, amma ban taɓa ji ya yi tsaki ba. Duk wannan fa yana da tasa jarrabawar a gabansa. Da safe ya wanke jikinsa ya sake tufafi ya je zaure ya zauna can gefe ya ɗauki karatu, da an tashi ya dawo wurina.

Da zazzaɓin ya sauka ƙurajen suka fara bushewa, sai ga abin da ya fi ciwon kansa ɗaci. Idanuna sun daɗe a manne. Ranar da ya gasa mini su da ruwan ɗumi suka buɗe, na hagu hakiya ta rufe shi gaba ɗaya, na dama kuwa dishi-dishi, kamar mai leƙe ta cikin hayaƙi. Na ce ya miƙo mini littafina daga gafaka, jakar fata ta littattafai. Na buɗe, na kawo shi har kan hancina, ban ga komai ba sai baƙi-baƙi kamar tururuwa sun taru. Na rufe ido in nemo shafukan da ke kaina, sai na tarar zazzaɓi ya watsa su, wannan rabi, wancan babu. Na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba tun ina yaro. Na ce masa ya je ya gaya wa Malam a cire ni daga jarrabawar, da na iya tsayuwa zan koma gida, ko igiya in riƙa tufkawa.

Ya ce shi ba zai kai wannan saƙo ba, in na warke in kai da bakina. Sai ya zauna a bakin bukka ya buɗe littafin fiƙihu daidai babin da muka tsaya, ya fara karantawa da ƙarfi. Na juya masa baya. Ya ci gaba. Can sai na ji ya karanta wata mas'ala ta alwala ya juya ta, ya mai da farilla sunna. Na ƙyale shi. Ya ƙara wuce wani wuri ya sake yin kuskuren da ko yaro ba zai yi ba. Ban san lokacin da na daka masa tsawa na gyara masa ba. Ya ce, "Af, ashe haka ne? To, ɗan'uwa, na gaba fa?" Sai da na faɗi na gaban, da na bayansa, sannan na gane da gangan yake yi. Tun daga ranar muka koma bita, shi ya karanta, ni in saurara in mayar. Fiƙihu ya dawo mini da sauri, don dama abu ne na fahimta. Nahawu ne ya ƙi. Shi abokina ba nan ƙarfinsa yake ba, ni kuma duk abin da na sani na li'irabi, wato sa wa ƙarshen kalma wasalin da ya dace, a kan takarda na san shi, in na ga kalma a mazauninta. A kunne sai ya zame mini baƙo. Muka fi ba da ƙarfi inda ke tafiya, muka riƙa ɗaga nahawu zuwa gobe, har lokaci ya ƙure.

Ranar jarrabawa ƙofar masallacin Runka ta cika. Mahaifina ya zo daga Wagini da dattawan garinmu, ya jawo rago na walima, ya kuma zo da farin rawanin da ya saya ya ajiye tun bara. Aka fara da abokina. A hankali yake amsawa kamar yadda ya saba, ya yi tuntuɓe nan da can, amma duk inda malamin birni ya bi da shi sai ya fita. Aka yi masa addu'a. Aka kira ni, aka riƙo hannuna aka zaunar da ni. Malamin birni ya tambaye ni a kan tsarki da salla da ciniki da aure, yana juya tambaya ta nan ya juya ta can, ina ba shi amsa. Na ji mutane suna ta salati, wani tsoho a bayana yana cewa a dubi ikon Allah. Zuciyata ta fara kwanciya.

Saura abu ɗaya. Akan miƙa wa ɗalibi shafin da bai taɓa gani ba, marar wasali, ya karanta a bayyane, ya faɗi dalilin kowane wasali da ya sa. Malamin birni ya ɗauko takardar, ya dube ni, sai ya mayar da ita cikin gafakarsa. Ya ce da Malam a ganinsa wannan yaro ya nuna abin da ya isa, kuma Allah ya ɗauke wa mai lalura abin da ba zai iya ba, a yafe masa wannan. Jama'a suka amsa da murna, kowa na cewa gaskiya ne. Malam ya bari surutu ya lafa. Sannan ya ce a fito da takardar. Ya ce idan ba zan iya gani ba, a karanta mini kalmomin a tsaye ba tare da wasalin ƙarshe ba, ni in sa musu. Aka yi haka. Layin farko na lallaɓa na wuce. A na biyu na mai da wanda ya yi aiki ya zama wanda aka yi wa, ma'ana ta juye gaba ɗaya. Aka sake ba ni wani, na sake faɗuwa. Wuri ya yi tsit har ina jin ragon mahaifina yana kuka a inda aka ɗaure shi.

Malam ya ce, "Bana babu rawani. Sai baɗi, in Allah ya kai mu." Malamin birni ya sake sa baki, dattawan garinmu suka matso suna cewa Allah shi gafarta Malam, a duba halin da yaron nan ya shiga. Malam ya ce ya duba, kuma babu wanda ya kai shi jin zafin abin, amma ba zai sake magana ba.

Abin da mahaifina ya yi a ranar har yanzu in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Mutum ne da bai yi karatu mai zurfi ba, ya yi tafiya mai haɗari, ya zo da mutanen gari don su ga an naɗa ɗansa. Ya tashi ya je gaban Malam ya durƙusa ya yi godiya. Sannan ya tambaya wane ne yaron da ya yi jinyata. Aka nuna masa. Ya kwance ragon ya miƙa masa igiyar, ya ce a yi walimarsa da shi. Ya ɗauko rawanin nan ya ba Malam ya ce a naɗa wa wannan, shi ma ɗansa ne. Da rawanin da aka saya domina aka naɗa abokina, ina zaune ina jin guɗa.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi da Malam. Na daina zuwa zaure, na kwanta a ɗaki na ce jikina ne bai gama warwarewa ba. Shi da kansa ya zo har ɗakin ɗalibai, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a bakin ƙofa. Na yunƙura zan durƙusa ya ce in zauna. Ya ce ya san abin da ke raina. Ya ce mutanen Wagini da za su zauna a gabana nan da shekaru, da 'ya'yansu, ba za su san na taɓa yin agana ba, abin da na karanta musu kawai za su ɗauka su yi aiki da shi, in na juya wasali na juya hukunci babu wanda zai tsaya a bayana ya gyara. Ya ce kuma da ya naɗa ni a ranar, duk wanda ke wurin zai riƙa cewa rawanin tausayi ne, ni ma a zuciyata haka zan riƙa ji har in mutu. "Ba na so ka ɗauki wannan a kanka," in ji shi. "Kai ɗalibina ne, ba abin tausayina ba." Daga nan ya ce gobe bayan azahar in same shi a zaure, ni kaɗai. Lokacin ƙailularsa ke nan, tsoho ne mai bukatar hutu, amma ya ba ni shi har shekara ta zagayo.

Saura wanda zai riƙa karanta mini, don Malam ba zai wuni da ni ba. Abokina ya riga ya sami izininsa, kuma mahaifinsa, wanda ya tsufa, ya shirya bin ayarin masu tafiya Gabas aikin hajji da ƙafa, yana jiran a gama jarrabawa su tafi tare. Sai ga shi ya je Yasore ya dawo da gafakarsa. Ya ce ya roƙi mahaifinsa ya bar shi shekara guda, tsohon ya yarda ya tafi tare da ƙannensa, shi zai bi su daga baya. Na ce masa ya tafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce shi ma nahawunsa da saura, da ƙyar ya tsallake, yana so ya gyara. Na san ba wannan ne dalilin ba, ya san na sani, muka bar maganar a nan.

Shekarar nan ita ce karatuna na gaskiya. Malam ya koya mini in ji jimla da kunne, in tambayi kaina wa ya yi, wa aka yi wa, kafin in buɗe baki. Yakan faɗi jimla ɗaya ya sa in juya ta ta kowace fuska har sai na gaji. Abokina kuwa ya fere wani alƙalami mai kauri kamar yatsa, yana rubuta mini kalmomi manya-manya a kan allo, mu zauna a inuwa inda haske ba ya dukan ido. A hankali idon dama ya ɗan washe har na iya bin babban rubutu. Da damina ta zo ba na iya bambance dawa da ciyawa, sai ya riƙa nome kunyarsa ya nome tawa, ni ina bin bayansa a gona ina mayar masa da karatu, in na yi kuskure ya tsaya ya dogara da fartanya ya ce a sake.

Da shekara ta zagayo malamin birni ya dawo. A wannan karon bai mayar da takarda cikin gafaka ba, kuma na gode masa da bai yi ba. Ya tsananta mini fiye da bara, ya kawo jimloli masu tarko, na bi su ɗaya bayan ɗaya da kunne na fita. Da aka gama Malam bai yi dogon jawabi ba, ya miƙa hannu kawai aka ba shi rawani. Da kansa ya naɗa mini.

Bayan salla abokina ya sami ayari ya kama hanyar Gabas. Na raka shi har bayan gari. Na shirya maganganu da yawa da zan faɗa masa, amma da muka tsaya abin da na iya cewa kawai Allah shi kiyaye hanya. Ya yi dariya ya ce in kula da nahawu. Ba a daɗe ba ƙasa ta rikice da zuwan Nasara, hanyoyi suka yamutse. Na tambayi alhazai da fatake shekara da shekaru, babu wanda ya ba ni labarinsa. Ban sani ba ko ya riski mahaifinsa da rai. Wannan ita ce nadamar da nake ɗauke da ita: shekarar da ya ba ni wataƙila ita ce ta ƙarshe da zai yi da tsohonsa, ni kuwa ko godiya ban iya yi masa yadda ya kamata ba.

Na koma Wagini na karantar har ƙarfina ya ƙare. Abin da ya sa na ce a rubuto muku shi ne, yanzu ina jin jikokinmu suna zuwa kwaleji suna jarrabawa, ina kuma jin iyaye na bin malamai gida suna roƙon a ƙara wa ɗansu maki don ya yi ciwo, ko don shi kaɗai gare su. Ina roƙonku ku bari. Malamin da ya tsayar da ɗanku a kan abin da bai iya ba, ya kuma zauna ya koya masa, ya fi ƙaunarsa a kan wanda ya tura shi gaba. Ku kuma ɗalibai, in kuna bita kada ku riƙa komawa inda ke muku daɗi kuna ɗaga mai wuya zuwa gobe, don can ɗin za a tsayar da ku. Kada ku jingina karatunku a kan baiwa ɗaya, tana iya tafiya cikin rashin lafiya guda. In kuma Allah ya haɗa ku da abokin karatu na ƙwarai, ku gaya masa abin da ya yi muku tun yana tsaye a gabanku. Ni na bari sai ya juya baya, yau ga shi na tsufa ina faɗa wa mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.